Bidiyon Umma

"Haba Auta, bidiyo ɗaya ne fa! Kwana da kwanaki kina kumbura min fuska a kan bidiyo ɗaya?"

Auta ta harari mijinta, Mai Hoto. Wai bidiyo ɗaya! Shi kaɗai ne bidiyon da marigayiya Ummanta take motsi a cikinsa, tana dariya, tana sa mata albarka ranar aurensu.

Bawan Allahn nan yana da wata ɗabi'a: ba ya kwafar fayil ya bar na asali, sai dai ya kwashe shi ɗungurungum, wai abu biyu iri ɗaya cin wuri ne. Da ya buƙaci fulas ɗinta na ajiye fayil, haka ya kwashe bidiyon ya kai tsohuwar kwamfutar shago, ya cika fulas da aikin mutane. Kwamfutar ta mutu washegari, masu gyara suka ce sai haƙuri.

Ba mutuwar kwamfutar ce ta fi ƙona mata rai ba, maganarsa ce.

Yana fita aiki ta shiga shagon, ta ɗauko baƙar ma'ajiyar nan ta fayiloli da yake lallaɓawa kamar ƙwai. Duk guminsa na shekaru yana ciki, har da hotunan wata amarya da ke ta kiran waya. Ta jona ta da kwamfutarta, ta zaɓi komai, ta kwashe zuwa cikin kwamfutar. Irin aikinsa ta yi masa, ba ta bar ko kwafi ɗaya ba. Ta zauna tana kallon koren layin nan na kwashe fayil yana jan ciki, zuciyarta na yin sanyi.

Da la'asar ya dawo yana fito. Ya jona ma'ajiya, ya buɗe. Fayau!

Ya cire, ya hura bakin wayar jonawar, ya sake jonawa. Gumi ya karyo masa.

"Auta... kin taɓa wannan?"

"Me ya faru, Yallaɓai?"

"Babu komai a ciki! Babu komai!"

Ta gyara zama, ta ɗora ƙafa kan ƙafa. "Ayya! To ai hotuna ne kawai. Sai ka ce wani ne ya mutu?"

Ya zuba mata ido, ya gane. Ta shirya jin masifa, har ta tanadi amsa. Sai ya sulale ya zauna a ƙasa.

"Kin goge?"

"In na goge fa?"

"Amaryar zan iya ba ta haƙuri. Amma akwai wata folda..." Ya sunkuyar da kai. "Tun ranar nake bin 'yan'uwanki gida-gida. Wayar Gwaggo, wayar Yayanki, har tsohon katin wayar Kawu. Duk inda Umma ta gilma na kwaso. Kunya ce ta hana ni faɗa miki, rabin raina. So nake sai na haɗa."

Ta jawo kwamfutarta da sauri, ta bi foldojin ɗaya bayan ɗaya. Ga ta can ƙasa.

Ta danna na farko. Hoton dishi-dishi, mai ɗauka ma sai karkarwa yake. Umma ce a bakin ƙofar kicin, tana kare fuska da mayafi: "Ku daina ɗaukata, ja'irai! Ina Autata? Ta ci abinci kuwa?"

Auta ta toshe baki, kuka ya ƙwace mata. Ya matso a hankali, ba ta ture shi ba.

"Ban yafe maka ba."

"Na sani."

"Wancan ba zai dawo ba."

"Na sani, masoyiyata. Ni na yi, kuma bakina ya ƙara."

Wayarsa ta ɗauki ƙara, amaryar ce. Ya dubi Auta kamar maraya.

"Hotunan mutane fa?"

Ta share hawaye, ta kwantar da kanta a kafaɗarsa, ta sake danna bidiyon.

"Gobe," ta ce. "Yau kai ma ka kwana da zullumin."