Hashimu Ɗan Gida Uku

Taiba ta fara ganin Hashimu ne ta tagar aji, ranar da ta zo wata sakandare a Mafara koyon aikin koyarwa. Lokacin madatsar Bakolori ta tara ruwa, ana tsakiyar aikin magudananta, manyan motoci sun cika gari da ƙara, amma shi ko a jikinsa. Darasin kemistiri yake koyarwa, ya zana siffar sinadarin benzin a allo, zobba biyu masu kusurwa shida, alli ya yi masa fari har gira.

"Wannan benzin ne, wancan ma benzin ne," in ji shi. "Wanne ne na gaskiya?"

Aji ya rabu biyu. Hashimu ya yi murmushi ya ce babu ko ɗaya. Ilektiron ɗin da ke riƙe da kabon shidan ba su maƙale a wuri guda ba, bazuwa suka yi a zoben gaba ɗaya, alli ne ya kasa nuna haka sai da zane biyu. Kuma bazuwar nan ce ta sa zoben yake da wuyar ɓallewa.

Ba ta san ta daɗe a tsaye ba sai da ya juyo. Tun daga ranar take kiransa Malam Zobe, shi kuma yake ce mata Ta-taga.

Kafin ta gama zangonta, sai ta tsinci 'yar takarda a akwatin allinta: "Ta-taga, jiya da kika wuce na zana zobe mai kusurwa bakwai, yara suka yi ta dariya. Ki ceci mutuncina, ki ba ni izinin turo manya garinku Dakko. Naki, Malam Zobe."

Ta karanta har ta haddace, don ita ma son ya kama ta sosai.

Mahaifinta, Malam Jibo, ransa ya fi kwantawa da Bube, direban katafila mai gidan kwano a Bakura. Duk da haka ya tura ƙanensa Nagode binciken asali, kamar yadda aka saba. Nagode ya dawo baki buɗe. Ƙauyen su Hashimu yana ƙarƙashin ruwan dam. A Maradun wani tsoho ya ce ɗansa ne, a Jangebe wani ya ce haka, a Ruwan Gizo ma haka.

"Mutum guda, uba ukku?" in ji Malam Jibo. "Gidan wa za a kai min ɗiya? In anka ɓata mata rai, ƙohwar wa zan buga?"

Taiba ta zaci Hashimu ɓoye mata wani abu ya yi, ta daina bi ta tagar. Sai da ya tare ta a gindin dalbejiya.

"Ta-taga, ubana ya rasu ina goye. Maƙwabta uku suka raine ni, duk inda yunwa ta same ni nan nake ci. Ruwa ne ya warwatsa su. Kowannensu gaskiya ya faɗa, amma ba duka ba."

"Kamar zanenka biyu," ta ce, idonta ya ciko. "Ka yafe mini, Malamina."

Da ta koma gida ta durƙusa gaban mahaifinta, ta zana zoben a ƙasa da tsinke, ta yi bayani dalla-dalla. Ya saurara har ƙarshe.

"Taiba, ni ba ilektiron zan aurar ba."

Ta shiga ɗaki ta yi kuka, ta ɗauka shi ke nan.

Ranar Juma'a tsofaffin nan uku da suka raini Hashimu suka sauka daga motar kasuwa a Dakko. Taiba tana bayan ƙofar zaure tana saurare. Bayan doguwar gaisuwa, babbansu Malam Tukur ya gyara murya.

"Malam Jibo, garinmu ruwa ya ci. Gonakinmu da kabarin uban yaron ga duk suna ciki. Abin da munka hito da shi ke nan, ɗiyan da munka rena tare. In sai mai gida guda za a ba mata, hwaɗa muna inda za mu kai su."

Malam Jibo ya dubi tsofaffin ɗaya bayan ɗaya. Shi ma katafila ta share iyakar gonar ubansa bara, har yau bai gane inda take ba.

"To wa zai amshi auren?"

"Ni," suka ce tare.

Ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba. "Guda shi amsa, biyu su shaida. Amma ranar da Taiba ta yi hawaye, duk ku ukkun zan kira."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Da za a fita da ita, mahaifinta ya dafa kanta ya ce, "Na so in sama miki gida guda, Allah ya ba ki ukku. Tahi, Allah shi yi albarka."