Wanda Ya Juya Hanyar Tafki

Da masu ceto suka fito da yarinyar daga ƙasan kwazazzabon, ƙafarta a karye, ƙugunta a goce, magana ɗaya take ta maimaitawa: "Alama na bi. Na rantse alama na bi."

Sajan Ilinca Dobre ta ofishin 'yan sandan garin Cerbeni ba ta yarda ba da farko. Duk wanda ya ɓata a duwatsun nan haka yake cewa. Mutum ya baro birni da takalmin zuwa biki, ya kafa ido a waya, in ya faɗa rami kuma ya ce dutse ne ya ci amanarsa. Amma da ta hau da hantsi ta tsaya a mararraba, sai ta ga gaskiyar yarinyar. Jan layi tsakanin farare biyu, alamar da ke kai matafiya tafkin sama, ya bar hanyarsa ta dama ya karkata hagu, sabo fil, daga dutse zuwa dutse. Alamun hanyar gaskiya kuwa an shafe su da fenti ruwan toka. Wani ne ya ɗauki hanya sukutum ya juya ta zuwa inda zaizayar ƙasar bara ta cinye gefen dutse.

Yarinyar, Oana, ɗalibar aikin jinya ce daga Sibiu. Likitoci sun ce ba su da tabbacin za ta sake taka ƙafar.

Ilinca ba ta gama dubawa ba wayarta ta yi ƙara. Shugabanta ne, Panaite, mutumin da rabonsa da hawa dutse tun yana saurayi, amma daga kujerarsa ya san duk abin da ke faruwa a kai.

"Nechifor ne," ya ce. "Makiyayin nan. Kowa ya san shi da masu yawon dutse ba sa ga maciji, kuma yana da jan fenti. Ki kamo min shi kafin 'yan jarida su iso."

"Yallaɓai, ko tambayarsa ban yi ba."

"Ki tambaye shi a mota."

Ta kashe wayar tana tsaki. Tumakin garin duka suna hannun Nechifor a wannan lokaci na shekara. In aka rufe shi, garken ya watse, kuma ba wanda zai sake ba shi kiwo ko da an wanke shi daga baya. Wannan bai dami Panaite ba, shi dai a sami wanda za a nuna.

Karnuka ne suka fara tarbarta a mashekarin Nechifor, da sandunan da doka ta ce a rataya musu a wuya suna dukan ƙirazansu. Nechifor ya daka musu tsawa, ya koma kan tukunyar tuwon masarar da yake tuƙawa.

"Sajan, in cuku kika zo saye ga shi. In kama ni kika zo yi, bari in ci abinci."

"Wa ya ce zan kama ka?"

"Ko akuya ta ɓata a garin nan ni ne. Balle 'yar birni."

"Kana da jan fenti?"

Ya nuna mata gwangwani da ƙafa. Ta tsoma tsinke ta shafa a yatsa. Mai maiƙo ne, irin wanda ake ɗiga wa tumaki a gadon baya, ko kwana nawa ya yi a dutse ba zai bushe ba.

"An ce ka tsani matafiya."

"An faɗi gaskiya. Suna tsokanar karnukana, suna jefa musu biskit, in an cije su su kai ƙara. To amma ki duba da idonki." Ya nuna da muciya. "Hanyar hagun nan ta ina ta biyo? Ta bayan garkena. Ni da nake neman tsari da su, zan jawo su tsakiyar tumakina? In da ni zan juya hanya, da sai sun tsinci kansu a Bulgariya."

Ba ta so ta yi dariya ba, amma maganar a kan hanya take. Ta bar shi da tuwonsa.

Saura wanda zai ci riba. A gindin kwarin hagu akwai masaukin Inna Veta, wanda baƙi suka yi wa ƙaura tun da daɗewa. In matafiya suka koma bin hagu, a ƙofarta za su sauka. Ilinca ta same ta tana yanka kabeji, ta faɗi abin da ya kawo ta ba tare da kwana-kwana ba.

Inna Veta ta ajiye wuƙar. "Ke Ilinca, ni da na goya ki kike tuhuma? To ji nan, wanda ya faɗa rami miya yake sha? Baƙo mai rai nake nema, ba gawa ba."

"Inna, aikina nake yi."

"Aikinki ya kai ki duba tagogina. Ni na yi musu fenti da hannuna."

Ilinca ta duba. Koren fenti ya zubo ta ko'ina, har kan gilashi, har kan kyanwar da ta yi kuskuren wucewa a ranar. Wannan hannu bai ja layin da ta gani a dutse ba.

"Kuma ki daina ce mata sabuwar hanya," in ji Inna Veta, ta ci gaba da yankanta. "Hagu ai ita ce ta asali. Ta nan aka hau da mu tafki ina amarya. Sai da aka gina wurin ajiye motoci da shagon tsaraba aka karkatar da mutane dama, don su biyo ta gaban kanti."

Sai yanzu Ilinca ta tuna. Tana ƙarama aka yi wannan canji, ta manta da shi sam.

Ta sake hawa, cinyoyinta na zafi, ranta a ɓace, ga Panaite na ta kira tana ƙin ɗauka. Wannan karon ba ta tsaya a mararraba ba, ta bi alamun ɗaya bayan ɗaya, ta durƙusa gaban kowace. An kankare gansakuka da burushin waya kafin a shafa fenti. An fara sa farin, an bar shi ya bushe, sannan aka ja jan, shi ya sa ba inda suka cakuɗe. A kowace kwana alama biyu ce, ɗaya ga mai hawa, ɗaya ga mai sauka. Mai mugunta ba ya damuwa da yadda mutum zai dawo gida. Shi kansa fentin tokan da aka shafe na dama da shi, haka masu aikin alama suke kashe hanyar da aka daina bi. Da ɗan ɓarna ne, da sai ya watsa baƙin fenti ya wuce.

Sai ta lura da wani abu kuma. Alama a daidai idon mai tafiya ake yin ta. Waɗannan duk a ƙasa suke, kuma kusa da kowace akwai dutsen da mutum zai iya zama. Inda hawan ya yi tsanani sun matso kusa da juna. A wata kwana kuma sabon fenti ya ƙare kwatsam. Daga nan sai tsofaffin alamu da suka koɗe, suna nan dai ga mai ido, har bakin inda ƙasa ta rufta.

Ta zauna a kan dutsen ƙarshe, ta ji kamar ta yi ihu. Ta san mutum ɗaya tak a Cerbeni da ke da wannan hannu da waɗannan gwiwoyi.

Wayar ta sake ƙara. "Tunda ke kin tsaya yawon buɗe ido," in ji Panaite, "na tura a ɗauko Nechifor."

"Ku sake shi, Yallaɓai. Ba shi ba ne. Ku ba ni zuwa la'asar."

Gidan Baba Gavril yana ƙarshen gari, inda kwalta ta ƙare. Aminin mahaifinta ne, shi ya fara hawa da ita tafki a kafaɗa. Shi ya yi wa hanyoyin yankin alama tun kafin a haife ta, har ƙungiyar masu hawan dutse ta gode masa da lambar yabo ta miƙa aikin ga matasa. Ba shi da waya, kunnensa ya yi nauyi, ba mai zuwa wurinsa sai mai kawo burodi. Ta same shi a tsakar gida, sandunansa biyu jingine da benci.

"A'a, 'yar gidan Dobre! Yau an tuna da tsoho?"

"Baba, wa ya yi wa hanyar hagu alama?"

Bai ko ɓoye ba. Fuskarsa ta washe kamar yaron da aka yaba wa. "Kin gani? Ya kika ga layin?"

Abin ya fi ƙona mata rai fiye da a ce ƙarya ya yi. Duk hujjojin da ta ɗauko daga dutse ta zube masa su duk da haka, don bakinta ya ƙi tsayawa: kankarar gansakuka, farin da aka jira ya bushe, alamar mai hawa da ta mai sauka, fentin toka, da duwatsun da ya riƙa zama a kai saboda gwiwa. Hali zanen dutse ne, ko laifi zai yi ba zai iya yin sa da ƙazamin aiki ba.

"Laifi?" Ya buga sanda a ƙasa. "Laifi shi ne abin da yaran nan suka yi! Fentinsu na zuba kamar majina. Sun ɗauke mutane daga maɓuɓɓuga da inuwa sun kai su gaban kanti su sayi hula. Na je na yi magana, suka ba ni shayi suka raka ni ƙofa. To na gyara abina. Saura kaɗan in ƙarasa, ƙafa ce ta ƙi. In na huta zan koma."

"Yaushe rabonka da ganin abin da ke gaba da inda ka tsaya?"

"Ina buƙatar gani? Na san hanyar nan kamar tafin hannuna."

"Baba, babu hanyar. Ruwan bara ya tafi da ita. Rami ne a wurin."

Ya kai hannu bayan kunne, wai bai ji ba. Ta san ya ji. Ta matso ta faɗa masa sunan Oana, da ƙafarta, da abin da likitoci suka ce, da makiyayin da ke zaune a ofishinsu yanzu haka saboda shi. Haushi take ji, tausayi take ji, ta rasa wanda ya fi yawa.

Tsohon ya dubi hannuwansa. Da ya yi magana, muryar ta zama ƙarama.

"Tsawon rayuwata, ba wanda ya taɓa ɓata a hanyata."

"Ita ma ba ta ɓata ba, Baba. Bin ka ta yi sau da ƙafa."

Ya yunƙura zai tashi. Ya lalubi sandunansa, ɗaya ta faɗi, bai iya sunkuyawa ya ɗauka ba. Ita ta ɗauko masa, ta riƙe shi a kafaɗa har bakin mota.