Ƙofar Hagu

Rana ta yi ja a kan rufin kwanon gidajen garin Katanning lokacin da Pak Haslina ya dama gam ɗin. Sunansa na yanka Ramlan, amma shi asalinsa ɗan tsibirin Cocos ne, kuma mutanensu ba sa kiran uba da sunansa. Tun ranar da aka haifa masa Haslina sunanta ya zama nasa, Pak Haslina, wato baban Haslina. A mayanka yake aiki. In ya taso kuwa, kada ka neme shi ko'ina sai gareji, wajen wata tsohuwar motar tsere mai kujera biyu da ya jawo daga rumfar wani makiyayin tumaki, inda ta shekara da shekaru ciyawa na tsirowa ta cikinta.

Bodin motar ba ƙarfe ba ne, faiba ce, zaren gilashi da gam. Ba a yi mata guduma, sai lallashi. A sassauta noti, a cusa siririn ƙarfe a bayan hinji, a ɗaure, a ja da baya a duba. Ma'auninsa tsinken askirim, in ya bi tsagar ƙofa daga sama har ƙasa bai cije ba, bai yi lako-lako ba, to aiki ya yi. Mutumin ido gare shi na masifa, karkatar da ba ta kai silin gashi ba sai ta hana shi cin abinci.

Ƙofar hagu ce ta rage. Ɓawo biyu ne da ita, na ciki da na waje, tsakiyarsu kogo, kuma tsufa ya raba bakinsu. Matarsa, Mak Haslina, ta leƙo daga kicin ta ce ya bari sai gobe, magariba ba lokacin rufe-rufe ba ce. Ya ce gam ba ya jiran kowa. Bai leƙa kogon ba, bai yi bisimilla ba, ya shafe bakin, ya haɗe ɓawon biyu, ya matse su tam, ya tafi alwala.

Kashegari ya rataya ƙofar, ta zauna cif. Da almuru ya dawo ya tarar ta sunkuya, kamar an ɗora mata nauyi. Ya ƙara ƙarfe a hinji. Ta sake sunkuyawa. Da wani ne da ya tsaya ya yi tunani, amma Pak Haslina taurin kai ne da shi, ya ɗora laifin a kan noti.

Sai jifa ta fara. Kullum in rana ta faɗi, tsakuwa ta riƙa sauka a kan rufin gareji, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, a fita a ga ba kowa. Karen maƙwabta ya daina haushi. In garin ya yi tsit, akan ji wani ɗan ƙaraf-ƙaraf daga wajen motar, ya ce ɓera ne.

Haslina tana ajin ƙarshe a sakandare, yarinya mai surutu da tsokana, wadda takan ce wa ubanta ai motar ce 'yarsa ta fari. Ita ce ta wayi gari kafaɗarta ta hagu ta sauka. Daga nan numfashi ya fara yi mata wuya. Aka kai ta asibiti, aka yi hoto, aka ce ba a ga komai ba. Ta bar cin shinkafa, ko romon kaza ba ya wucewa. Da magariba sai ta dunƙule a lungun ɗaki, gwiwa a ƙirji, tana karce bango da farce.

"Pak, duhu," take cewa. "Wurin nan ya matse ni. Warin gam nake ji."

Ranar da leɓɓanta suka yi shuɗi, Mak Haslina ba ta nemi shawarar mijinta ba, ta tafi ta ɗauko Nek Jamil, tsohon da ya karantar da rabin garin Alƙur'ani. Ya zo da sandarsa da gorar ruwa, ya zauna a kan tabarma kusa da yarinyar, ya fara karatu a hankali. Tsakuwa na sauka a rufi. Pak Haslina na tsaye bakin ƙofa, tsoro ya cika shi, irin wanda bai taɓa ji ba.

Ana cikin karatun yarinyar ta ɗago kai. Muryar da ta fito ta babbar mace ce, ta dushe don kuka.

"Ya rufe min ɗa."

Nek Jamil ya tambaye ta ko wace ce, kuma ina ɗan. Ta ce tun kafin a haifi wannan yarinya suke zaune a motar, ba su taɓa cutar da kowa ba. Da aka jawo motar suka biyo ta. Ɗanta ƙarami ne, a kogon ƙofar yake barci, ranar nan yana ciki aka liƙe shi. Ta yi jifa, ta ja ƙofar ƙasa, mutumin nan bai ga komai ba sai tsagar ƙofarsa. To yadda nata ba ya shan iska, tasa ma ba za ta sha ba.

Pak Haslina bai jira ƙarshen maganar ba, ya ruga gareji ya ɗauko injin yanka. Muryar ta ƙwalla ƙara har gilashin taga ya amsa.

"Ƙarfe zai yanka shi. Wuta za ta ƙona shi. Da hannun da ka rufe za ka buɗe."

Ya dawo ya durƙusa a gaban 'yarsa, yana magana da wadda ba ya gani. Ya ce gam ɗin ya riga ya zama dutse, hannu ba ya ɓamɓare shi. Ya ce ta ɗauki motar, ta ɗauki gidan, ta shiga jikinsa shi. Ta ce ba ta son ko ɗaya.

Nek Jamil ya ce mata an zalunce ta, wannan gaskiya ne, amma yarinyar ba ta rufe kowa ba, kuma Allah yana kallon su duka. Ya ce ta fita tukuna. Ta ƙi. Ya ɗaga murya da karatu har jikin yarinyar ya ɗauki kyarma, sannan ya sassauta ya ce to ta saki ƙirjin, ta koma hannun hagu ta jira. Can Haslina ta ja numfashi mai ƙarfi, Mak Haslina ta fashe da kuka.

Da guntun katako da tafin hannunsa Pak Haslina ya yi aikin. Ya yi bisimilla, ya soka katakon a bakin ƙofar, ya danna da ƙirji har ta ɗan tsage, ya cusa yatsunsa. Faiba in ta karye tsini take yi kamar allurai. Suka shige masa ƙarƙashin farce, jini ya bi fentin da ya yi wata da watanni yana gogewa, bai ko duba ba. Yana ja yana cewa, "Yi haƙuri, yaro, ga ni nan." Ɓawon ya yi ƙara ya rabe biyu.

Wata 'yar iska mai sanyi ta shafi fuskarsa ta wuce. A cikin kogon, a jikin busasshen gam, ya ga sawun ƙananan farata.

Da ya koma ɗaki muryar ta yi laushi. Ta ce za su koma rumfar makiyayi, ba za su dawo ba. Ta ce ɗanta ya daɗe kwance a kan hannu ɗaya, hannun ba zai koma daidai ba, ita kuma ba za ta iya mayar da abin da ba a mayar mata ba. Haslina ta yi atishawa, ta buɗe ido ta ce yunwa take ji. Jifa ta tsaya daga ranar.

Yarinya ta warke, ta koma makaranta da surutunta. Likita ya duba ya ce kafaɗunta lafiya lau, uwarta ma ta ce ita ba ta ga komai ba. Amma ta hagun ta ɗan fi ta daman sauka, da kaurin tsinken askirim, kuma mutum ɗaya ne a duniya yake da idon ganin haka. Motar tana nan a gareji ba ƙofar hagu, bai ƙara taɓa sifana a kanta ba.

Kullum in an zuba abinci tana zaune a gabansa, sai ta ga ya tsaya da loma a hannu.

"Pak, me kake kallo?"

"Ba komai," yakan ce. "Ci abincinki."