Karen da Aka Kai Bakin Daji

A can wani ƙauye, an yi wani manomi da ke zaune shi kaɗai, sai karensa. Kullum sai ya ɗaure karen a gindin tsamiya ya tafi gona. Kullum karen ya yini yana haushi, yana tona ƙasa, yana cizon igiya.

Maƙwabcinsa ya ce, "Malam, karen nan ya lalace. Kai shi daji ka yar."

Manomi ya ja shi har bakin daji, ya kwance igiyar. Karen bai gudu ba. Sai ya kwanta a kan ƙafar manomi.

Manomi ya daɗe a tsaye. Can ya ce, "Ashe kai ma ba ka da kowa."

Suka juya gida, karen na gaba yana waiwayensa.