Jini a Sawun Taya

"Ba'ana ka fita! Na ce ka fice daga filin nan!"

Yagana ce ke ihu don takaici. Saura minti huɗu a tashi wasan ƙarshe na ƙwallon kwandon guragu, 'yan Maiduguri na gaba da ci biyu, ƙwallo na cinyarta, sai ga masoyinta Ba'ana ya garo kekensa tsakiyar fili ya tare mata hanya. Mutumin da aikinsa gyaran kekunan ƙungiya a gefe, ko rigar wasa babu a jikinsa!

Alƙali ya busa usur, aka ba baƙi jifa kyauta.

"Yagana, ki tsaya..."

"Ka kashe mu! Shekara biyu ina jiran ranar nan!"

Daga benci abokiyar wasanta Kaltum ta ɗaga murya, ita da ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan Ba'ana. "Ba na faɗa miki ba? Ya gaji da ke da wasan naki!"

Sati guda ke nan tana zuba mata wannan magana a kunne, yau kuwa ta shiga. Yagana ta dube shi ido cikin ido.

"In ba ka matsa ba, wallahi ni da kai har abada."

Bai matsa ba. Ƙasa kawai ya nuna mata.

Wani jan layi ne siriri ya biyo sawun tayarta ta hagu, tun daga wancan kwandon har inda take. Ta shafa baƙin wandonta, ta ɗago hannu jage-jage da jini.

"Innalillahi... na waye?"

"Naki ne, rabin raina."

Ko ɗigon zafi ba ta ji ba. Tun bam ɗin kasuwa da ya taɓa mata ƙashin baya shekara huɗu da suka wuce, daga ƙugu zuwa ƙasa sai ka ce jikin wata. Ashe karon da suka yi ɗazu da wata 'yar baƙi, ƙarfen keke ya tsaga mata sharaɓa. Jirin da take ji kuma ta ɗora wa zafin Afrilu, baiwar Allah.

Abin da ya biyo baya shi ya karya mata zuciya. Ba'ana, wanda shan-inna ta kama tun yana goye, mutum ne mai jin kansa. Ko a shagon waldarsa na Moduganari bai taɓa bari ta ga yana rarrafe ba. Yau ga shi a gaban ɗaruruwan mutane ya zame daga keke, ya ja jiki a siminti, ya tuɓe riga ya danne ciwon da dukkan ƙarfinsa.

"Yaya Sa'id! A kawo Napep!" in ji Ba'ana.

Yaya Sa'id, wan Yagana, shi ne ya kori iyayen Ba'ana har sau biyu da suka zo neman aurenta. "Gurgu da gurguwa?" ya ce a lokacin. "A garin nan da kullum ake cikin gudu, wa zai goyi wani?" Yanzu ga shi ya keto jama'a, hula a hannu. Ya sungumi ƙanwarsa, wasu suka ɗaga Ba'ana suka ajiye a ƙasan Napep ɗin, hannunsa bai bar ciwon ba.

A shingen sojoji aka tsayar da su. Sojan ya ga jini ya gyara riƙon bindiga.

"Ina abin ya tashi?"

"Oga, ba bam ba ne," in ji Ba'ana. "Ƙwallo ce."

Sojan ya dube su kamar masu taɓin hankali, ya janye gangar da ta tare hanya.

"Kar ki rufe ido, Yagana," in ji Ba'ana. " Zage ni ma in kina so, amma ki yi magana."

Ta so ta zage shi ɗin, sai hawaye.

A asibiti, ɗinki goma sha ɗaya da ledar jini biyu. Ana kiran la'asar likita ta fito tana cire safar hannu.

"Jijiyar jini ce ta tsage. Da ta ƙarasa wasan nan, da yanzu wani zancen muke. Amma ta tsallake, ƙafar ma lafiya."

Yagana ta ji wani sanyi ya ratsa ta, irin wanda rabonta da shi tun kafin bam. Tana raye. Kuma ga shi can a bakin ƙofar ɗaki, zaune a ƙasa cikin singileti, don an baro kekensa a fili.

"Ba'ana... ka yafe mini. Na saurari Kaltum."

"Wushe da jiki, gimbiya," ya yi mata sannu da Barbarci. " Ni ban ji komai ba, ihu ya yi yawa."

Ƙarya yake, ta sani, ta kuma ƙara son sa.

Sai ga ƙarar taya a baranda. Yaya Sa'id ne, da kansa ya koma ya turo keken. Ya durƙusa ya riƙe shi har Ba'ana ya hau, sannan ya tsaya yana murza hula.

"Ina zaune a layin gaba a filin," ya ce. "Ƙafata biyu, idona biyu. Jininta na zuba, ni ina tafi."

"Kowa ƙwallo yake kallo, Yaya. Ni taya nake kallo, aikina ne."

Yaya Sa'id ya dubi ƙanwarsa, ya dubi Ba'ana. Can ya nisa.

"Ka ce wa kawunnanka su zo gidanmu na Galtimari ranar Juma'a. Wannan karon shimfiɗa za su tarar."

Ya fice da sauri kafin a ga idonsa.

Yagana ta ja gyale ta rufe fuska, dariya da kuka suka haɗe mata.

"Wasan fa?" ta tambaya daga ciki.

"An cinye mu da ɗaya."

"Laifinka ne."

"Na ɗauka."

Ta leƙo da ido ɗaya. "Kuma wai taya kawai kake kallo?"

Ya garo keken har ya taɓa ƙarfen gadon, ya rage murya.

"To me kike so in ce a gaban Yaya? 'Yan wasa goma ne a filin, rabin raina. Tayarki kaɗai na san inda ta bi."