Hular da Ta Kama Zani

Can a wani gari, shekaru da yawa baya, an yi wata yarinya mai koyon ɗinkin hula wurin wata dattijuwa, Gwaggo Tabawa. Da hannunta ya ɗan faɗa, sai Gwaggo ta ba ta hular wani ango ta ƙarasa.

Yarinya ta ɗora hula a cinya. Ta soka allura, ta ja zare, ta soka, ta ja, har la'asar. Da ta zo miƙewa, sai hula ta biyo ta. Ashe ta ɗinke ta da zaninta!

In ta yanke a ɓoye, hular ango na iya ɓarkewa. In ta faɗa, wataƙila a kore ta. Ta dubi almakashi, ta dubi Gwaggo.

"Gwaggo, na yi ɓarna."

Gwaggo ta sa bakin allura ta warware ɗinkin a hankali, hula ta fita lafiya lau.

"Haba 'yar nan, zani kaɗai? Ni lokacin nawa koyon, har da tabarma na haɗa."

Yarinya ta ɗaga hula sama da cinya, ta soka, ta ja.