Bakin da Ya Sha Nonon Akuyar Ƙasa

Ruwaya uku na samu kan abin da ya faru a gidan Gandaa, gabas da garin Lawra, a kakar 1956. Ta matarsa Yelfaa na ɗauka, domin ita kaɗai ta faɗi laifin kanta tare da na mijinta, kuma sau biyu na tambaye ta, shekara huɗu tsakani, ba ta sauya kalma ba.

Rana ta yi ja. Gandaa yana kan soro yana tattara dawar da aka shanya, sai tsakuwa ta faɗo gabansa. Ya duba, babu kowa. Ta biyu ta faɗo da ɗumi, kamar daga murhu aka ciro ta. Awakinsa goma sha ɗaya suka yi tsit lokaci guda, suka juya suna kallon ƙofar ɗaki.

A ƙofar, 'yarsa Ayuo ce, mai shekara tara, durƙushe bisa hannu da gwiwa, tana tsinkar ciyawar gindin katanga da haƙora.

Kwana shida aka yi haka. Da rana ta karkata sai jifa, sai Ayuo ta bar tuwo ta nufi garke. Gandaa ya san dalili, ya yi gum. Shekarar da aka haifi yarinyar nonon Yelfaa ya ƙafe, jaririya ta kusa mutuwa, sai ya tsinci baƙar akuya mai shayarwa a bakin gonarsa. Dabbar da ba a san mai ita ba ta Ƙasa ce, abar bautarsu, wurin mai ƙasa, mai kula da tsafinta, ake kai ta. Shi kuwa ta bayan katanga ya jawo ta, Yelfaa ta tatsa. Awakin garken nan duka zuriyar akuyar ce.

Rana ta bakwai aka ɗauko Ziem, tsohon mai duba. Ya watsa kuɗin wuri a kan buzu, ya daɗe yana kallo, sannan ya tsiyaya ruwan garin dawa a ƙasa gaban yarinyar.

"Kaka, ga ruwa. Me ka zo karɓa?"

Ayuo ta ɗago kai. Muryar da ta fito ta tsoho ce, mai kaushi, muryar Ƙasa. "Ina ɓarawon akuyar? A'a, Gandaa, har ka yi teɓa!"

Gandaa ya zauna a ƙasa.

"Akuyata nake so," in ji muryar, "da duk bakin da ya sha nononta."

Ziem ya ce, "Goma sha ɗaya ne, ga su can. Kwashe."

"Tsoho, ido ya tafi, hankali ma ya bi shi? Goma sha biyu ne." Hannun yarinyar ya tashi a hankali, ya dafa ƙirjinta.

Yelfaa ta toshe bakinta da zane.

Ziem ya nisa. "Kaka, in yi tambaya. Wa ya kora akuya mai nono zuwa gonar mutumin da jaririyarsa ke mutuwa? Ba kai ba ne? Ka raya ta ne don ka kashe?"

Sai muryar ta amsa.

"Ni na aiko. Da ya kai ta wurin mai ƙasa ya roƙa, da an ba shi aro. Ta bayan katanga ya bi."

"Na yi sata, Kaka," in ji Gandaa, goshinsa a ƙasa. "Ni za ka ɗauka."

"Kai ba ka sha ba."

"To bar mana ita kiwo," in ji Ziem. "Taka ce, mun yarda. A nan za ta ci, a nan za ta girma."

Muryar ta ce, "Kiwo dai. Sunanta Tengan daga yau, sunan Ƙasa. Ranar da bakin Gandaa ya sake cewa 'yata, zan zo in kora abina."

Yarinyar ta kife. Awaki suka ɓarke da kuka, kafin duhu aka kora su zuwa kurmin mai ƙasa.

Da yarinyar ta farfaɗo ta ce, "Baba, yunwa nake ji."

Gandaa ya buɗe baki zai ce 'yata, ya rufe. Can ya ce, "Yelfaa, kawo wa baƙuwarmu tuwo."

Waɗanda suka halarta: Gandaa, Yelfaa, Ziem mai duba, Kuuyuor mai ƙasa, Nibe ƙanen Gandaa, da Tengan, 'yar Ƙasa.